Takunkumi a kan abinci da wuta: abin da na gani a Kamba

A watan Agustan 2023 na je gida Kamba, garin bakin iyaka a jihar Kebbi, na tarar da kawuna zaune a ƙofar shagonsa ya rafka tagumi. Fiye da shekara ashirin yana sana'a guda: ya kai masara da gero Gaya da Dosso a Jamhuriyar Nijar, ya dawo da wake, idan babbar Sallah ta matso ya haɗo da raguna. Cinikin nasu na amana ne, a ba ka kaya yau ka biya kasuwa mai zuwa. Ran nan rabin jarinsa yana hannun abokin cinikinsa a Gaya, motar da ya yi wa lodi kuma tana tsaye a bakin iyaka, ruwan damina na dukan tamfal. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, can ya ɗago ya ce, "Ɗana, waɗanda sunka yi juyin mulki suna can Yamai. Mu mi munka yi?" Har yau ban samu amsar da zan ba shi ba, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi da Nijar. Najeriya kuma ta katse wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha a lokacin daga wajenmu take. Layin da ke kai wa Yamai wuta daga nan Birnin Kebbi ya tashi. Ni ba na goyon bayan soja ya ƙwace mulki da bakin bindiga, ban taɓa ba. Amma ku dubi wani abu da ya tsaya mini a rai. Da ECOWAS ta sa wa Mali takunkumi a Janairun 2022, ta tsame kayan masarufi da magunguna da man fetur da lantarki. Da aka zo kan Nijar, ba a tsame komai ba. An haɗa janar da mai naƙuda a asibiti a hukunci ɗaya, a ƙasar da ba ta da teku, kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya riga ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba.

Wanda bai taɓa zama a bakin iyaka ba yana ɗauka cewa idan an rufe ta, can tsallake kaɗai ake jin jiki. A Kamba na ga 'yan dako kwance a gindin bishiya tun hantsi, ba lodi ba sauki. Na ga mai shayin da direbobi ke cika wa benci yana kwashe kayansa kafin isha. 'Yan canjin sefa, 'yan kamasho, 'yan kabu-kabu, matan da ke sayar da fura da tuwo a tasha, duk cikinsu a wannan hanya yake. Kuma wannan ya zo ne wata biyu kacal bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, mutane ba su gama farfaɗowa ba. Kafin nan ma mun sha rufewar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk da iyaka, ƙasar Dendi ɗaya ce, ƙasar Arawa ɗaya ce, daga Kangiwa zuwa Dogon Dutsi auratayya ce da zumunci. Akwai gidan da uwa tana nan, 'yarta tana aure a can.

Kaya kuwa ba su daina wucewa ba, hanya kawai suka sake. Aka koma daji da babura cikin dare, aka koma kwale-kwale a kan Kwara. Kowane buhu sai ya biya kuɗin hanya sau uku sau huɗu kafin ya isa, kuma mai saye da mudu ne ke biya a ƙarshe. Ɗan kasuwa irin kawuna, mai son ya bi ta ƙofa ya biya abin da doka ta ce, shi ya durƙushe. Mai ƙarfin fasa-ƙwauri da mai karɓar na goro su suka yi ƙiba. Wannan na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Maganar wuta ita ta fi damuna, don illarta ba ta ƙare da ɗage takunkumi ba. Kogin Kwara ta Nijar yake biyowa ya shigo mana ta Kebbi, ya ratsa ƙasar Bagudo da Yawuri kafin ya kai Kainji. Mu muna ƙasa, su suna sama. Sayar musu da wuta shekara da shekaru yana cikin abin da ya riƙe zaman lafiyar wannan ruwa. Ranar da ka nuna wa maƙwabci cewa za ka iya kashe masa fitila saboda siyasa, ka ba shi hujjar ya nemi tasa ko ta halin ƙaƙa. Aikin madatsar Kandadji a kan wannan kogi yana nan a gabansu. Masuncin Yawuri da manomin rani a bakin kogi su ne za su fara sanin bambanci idan ruwa ya ja baya, kuma ba wanda ya tambaye su kafin a katse layin.

Mun ma ɗanɗana irin wannan daga nesa tun kafin na Nijar. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashen Yamma suka ce takunkuminsu bai shafi abinci da taki ba. A takarda haka ne, kuma yaƙin kansa shi ya toshe tashoshin jiragen ruwan Yukren, wannan laifin na Rasha ne. To amma da aka cire wasu manyan bankunan Rasha daga SWIFT, wato tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna kuɗi da shi, bankuna da masu jiragen ruwa da masu inshora suka riƙa gudun duk wani kaya da ya fito daga can. Rasha da Belarus kuwa su ne ke da kaso mai tsoka na sinadarin fotash da ake haɗa takin NPK da shi. Wannan kukan ne Macky Sall na Senegal ya yi lokacin da yake shugabancin Tarayyar Afirka, har ya je Sochi a Rasha a watan Yunin 2022. Manomin shinkafa a fadamar Argungu bai san SWIFT ba, abin da ya sani shi ne buhun taki ya fi ƙarfinsa, sai ya zuba rabin abin da ya saba, gona ta ba shi rabin abin da ta saba. Man Rasha kuma bai rasa masaya ba, Indiya da Sin suka kwashe shi da rangwame.

Ra'ayina a fili yake. Idan za a hukunta mai mulki, a bi shi shi kaɗai: a riƙe asusunsa, a hana shi da muƙarrabansa tafiya, a hana sayar masa da makamai. Hatsi da magani da taki da wuta a bar su su wuce, kuma gwamnoninmu da sarakunanmu na jihohin iyaka su dage a rubuta wannan a ƙa'ida tun kafin wata rigimar ta taso. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 da ECOWAS ta ɗage takunkumin, Bazoum yana nan tsare, Janar Tchiani da ya kifar da shi yana kan kujera, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun riga sun sanar da ficewarsu tun a Janairu. Wata bakwai na wahala bai kawo ko ɗaya daga abin da aka nema ba.

Kawuna ya karɓi kuɗinsa daga baya, abokin nasa ya cika amana, Allah ya saka masa da alheri. Amma masarar da ta kwana a mota ta yi fumfuna, ya sayar da ita a wulaƙance ga masu kiwon kaji. Mutumin da ke cika tirela yanzu buhu goma goma yake saro wa, kuma yaran shagonsa biyu sun tafi Legas neman aiki, ɗaya bai dawo ko da Sallah ba.