Gidan da ake bin ka bashinsa: nasiha ga ƙannena ma'aikata

Kwanakin baya na halarci walimar tarewar wani ƙanena, malamin makaranta, a sabon gidansa da ke can bayan Ƙofar Ƙaura. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yi addu'a, an ci an sha, kowa ya zo wucewa sai ya kama hannunsa ya ce masa barka, ya rabu da wulaƙancin haya. Da jama'a suka ragu na ja shi gefe na tambaye shi shekara nawa aka yanka masa na biyan bashin gidan, ya ce 20, kuma ya faɗe ta kamar wanda ke maganar kwana 20. Na sake tambayarsa ko ya san jimillar abin da zai biya kafin wa'adin ya cika, sai ya yi murmushi ya ce ai daga albashi ake cirewa, shi bai ma jin fitarsu. Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ke kan wannan tunani ba, kuma ni ma na daɗe a kansa kafin in farga.

Da yawanmu ma'aikata mun san Asusun Gidaje na Ƙasa ne kawai ta layin da ke kan takardar albashi. An kafa shi a 1992, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba a ciki, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, kuma wanda ya cika sharuɗɗa ana ba shi rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, da wa'adin da zai iya kaiwa shekara 30. Wasu kuma daga bankunan kasuwanci suka karɓa, inda ruwan ya ninka wannan har sau uku ko fiye, wasu daga ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, wasu daga bankunan da ba su mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Ko ta wace ƙofa ka shiga, matuƙar takardun gidan suna hannun wanda ya ba ka kuɗi, to kana kwana ne a ɗakin da bai gama zama naka ba.

Mu ɗauki misali a yi lissafi a fili, domin lissafin shi ne zuciyar maganar. A ce ka karɓi naira miliyan 5 a kan kashi 6, za ka biya cikin shekara 20. Abin da za a riƙa cirewa duk wata ya kai kimanin naira 35,800, kuma idan ka bi wa'adin har ƙarshe za ka biya kusan miliyan 8.6, wato miliyan 3.6 ke nan a kan abin da ka karɓa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne yadda ake raba biyan: a watan farko, naira 25,000 daga cikin abin da aka cire maka ruwa ne zalla, naira 10,800 kacal ke taɓa uwar kuɗi, saboda ana lissafa ruwan kowane wata ne a kan abin da ya rage a kanka. Shi ya sa mutum zai shekara biyar yana biya, ya je ya duba ya tarar bashin kamar an ɗebi ruwa da cokali daga randa. To idan ka ƙara naira 10,000 duk wata tun daga farko, kuma aka ɗora ta kai tsaye a kan uwar kuɗi, bashin zai ƙare cikin shekara 13 da 'yan watanni, ka huta da kusan shekara bakwai na biya, sannan sama da naira miliyan 1.3 ta zauna a aljihunka. Naira da ka biya a shekarar farko ta fi wadda za ka biya a shekara ta 15 amfani nesa ba kusa ba, don ta farkon ta kashe ruwan da da zai yi ta haihuwa a kanta tsawon shekaru.

Na san abin da za ku ce: ina mai albashi zai samo rarar naira 10,000 a wannan zamani? Ku raba ta da kwana 30, za ku ga ba ta kai naira 350 a rana ba. Lokacin da na fara wannan hanya, na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun gaban riga, na yi wata guda ina rubuta duk abin da ya fita daga hannuna, har goron da na miƙa wa wani a bakin masallaci. Da wata ya ƙare na zauna bayan sallar isha'i na tara lissafin, sai kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Cefanen gida da nake ta ƙorafi a kansa bai zarce ƙima ba. Abin da ya cinye ni shi ne data da nake saye kullum ta ɗari biyar-biyar maimakon in sayi ta wata gaba ɗaya, da tsire da balangu na majalisa, da shayin dare da ƙwai a teburin mai shayi alhali an ajiye mini tuwo a gida, da kuma mai da nake ƙonawa a zirga-zirgar da ba ta da dalili.

Maganar mai ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya ga abin da ya biyo bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wanda ke da mota da babur ya san wanne ya kamata ya hau zuwa ofis, kuma wanda zai je babbar kasuwa ya haɗa saƙonninsa na mako ya je sau ɗaya.

Hatsi kuwa, mu mutanen Katsina ba mu da uzuri a kansa, tunda muna zaune ne a tsakiyar masu noma shi. Masara daga Dandume da Funtua da Bakori, gero daga ƙasar Daura da Mashi, duk suna shigowa da sauƙi a lokacin kaka. Magidancin da ya matse ya sayi buhu biyu ko uku a wannan lokaci, ya shanya su sosai ya adana inda ƙwari ba za su shiga ba, ya tsira daga awon tiya-tiya na tsakiyar damina, ya kuma tsira daga littafin bashin mai kanti, wanda shi ne ke cinye albashi tun kafin ya shigo. Wata shekarar farashi bai tashi sosai ba bayan kaka, wannan gaskiya ne, amma ko a irin wannan shekara sayen buhu ya fi awo rahusa, kuma maganata a kan abin da za a ci ne a gida, ban aiki kowa ya tara don ya jira tsada ba.

Inda ɓarnar ta fi yawa, kuma inda muka fi jin nauyin faɗa wa juna gaskiya, shi ne sha'anin biki da Sallah. Anko ya zama kamar haraji: bikin 'yar maƙwabta anko, sunan ƙawar ɗaki anko, kamu daban, wuni daban, kuma kowace atamfa sai an kai wa tela, sai an nemi gyale da takalmin da za su hau da ita, a sa sau ɗaya a jefa cikin akwati. Mu maza kada mu yi saurin nuna mata da yatsa, domin shaddar da muke ɗinkawa don ɗaurin auren abokin aiki, da liƙin da muke yi don kada a ce mun gaza, da ragon layyar da muke saye ana gobe Sallah a lokacin da farashi ya kai ƙololuwa, don dai a ga ƙahonsa ta saman katanga, duk ɗaya ne da ankon. Zumunci wajibi ne, gudunmawa kuma al'adarmu ce mai kyau da ba zan ce a bari ba, amma mutumin da ake bin sa miliyoyi ya halatta ya kai abin da ƙarfinsa ya kai, ya yi fatan alheri ya tashi. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Sai dai ina gargaɗinku da babbar murya, kada wani ya karanta wannan ya koma gida ya zama mai ƙoro, yana ƙirga ƙwayar Maggi yana kulle buhun shinkafa a ɗakinsa. Ciyar da iyali haƙƙi ne da ke gaba da gaggawar biyan bashi, kuma Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Furƙan da cewa idan za su ciyar ba su almubazzaranci kuma ba su ƙuntatawa. Tsimi ya fara daga aljihunka da majalisarka kafin ya isa madafa. Ka zaunar da matarka ka nuna mata takardar bashin, ka gaya mata nawa ya rage da shekarar da kake fatan gamawa. Matan da muke ɗauka ba su san lissafi ba su ne suka riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da littafi ya ɓace ba, kuma a gidana uwargida ce ta fara gano cewa garin tuwon da ake tuƙawa da dare ya fi ƙarfin masu cinsa.

Akwai kuma tsari da ya kamata a bi, don kada gyaran gangar auzinawa ya biyo baya. Kafin ka fara ƙari a kan bashin gida, ka tara abin da zai riƙe iyalinka wata biyu ko uku a wuri na daban, saboda ciwo da jinkirin albashi ba su sallama, kuma kuɗin da ka riga ka zuba a bashi ba za ka iya zuwa ka karɓo su ranar da yaro ya kwanta asibiti ba. Idan kuma akwai bashin da ruwansa ya fi na gida tsanani, kamar na manhajojin rance na waya, shi za ka fara kashewa. Sannan ka je da ƙafarka ka tambayi wanda ya ba ka rance ko akwai tara a kan biya kafin lokaci, kuma ka rubuta a takarda cewa ƙarin da kake kawowa na rage uwar kuɗi ne. Ni na yi wata huɗu ina ƙari ina murna, ashe ana ajiye mini shi ne a matsayin biyan watannin gaba, ruwan kuma yana nan yana tafiya yadda yake, sai da na nemi bayanin asusuna a rubuce sannan na gane. Masu mu'amala da bankin da ba ya karɓar ruwa su ma su tambaya: idan cinikin murabaha ne, wato banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince a kai, an riga an yanke farashi, rangwamen biya da wuri sai yadda bankin ya ga dama; idan kuwa tarayya ce da kake sayen kason banki sannu a hankali, duk kason da ka saya da wuri yana rage hayar da kake biya.

Wani abokina ɗan kasuwa ya taɓa yi mini dariya, ya ce a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, wanda ke gaggawar biyan bashin kashi 6 bai san kuɗi ba, gara ya juya rarar a kasuwa. A kan takarda yana da hujja, kuma wanda ke da sana'a tsayayya da ya san ribarta yana iya auna wannan. Amma na dubi kaina na dubi abokan aikina, na ga rarar da ba a tura wa bashi ba ranar da albashi ya shigo, ba ta taɓa isa kasuwa; kafin 10 ga wata ta narke a hidimomin da ba wanda zai tuna su. Bayan wannan akwai nauyin da ɗan kasuwar bai sa a ma'auninsa ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma an taɓa kawo gawar wanda ake bi bashi ya dakata da yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wanda kuma bashinsa ke da ruwa ya san abin da malamai suka faɗa a kan riba, ba sai na ƙara masa dalilin fita da wuri ba.

Saboda haka ku sa ƙarin ya fita a ranar da albashi ya shigo, kafin ku biya ta kasuwa, kuma duk kuɗin da ya faɗo ba zato, ariyas ne ko kuɗin hutu ko kwasar adashe, ku yanki rabinsa ku kai can. Ku riƙa karɓar rasit kuna adanawa a jaka ɗaya da takardar yarjejeniya, ku nemi bayanin abin da ya rage aƙalla sau biyu a shekara, ku kuma sanar da wani amintacce a cikin dangi inda takardun suke. Ranar da kuka biya kuɗin ƙarshe, kada ku bar wurin sai da wasiƙar da ke shaida an gama, sannan ku bi sawun takardar mallakar gidan har ta dawo hannunku, a kuma soke jinginar da aka rubuta a kanta a ofishin filaye.