Alhaji Ya Ce a Mayar Masa da Kuɗin Kala

ALHAJI: Naira 200 na ba ka ko ban ba ka ba?

MAI GIDAN KALLO: Ka ba ni, Alhaji.

ALHAJI: Ranar ƙwallo ma 200 ɗin nake bayarwa. Ciyawa kore shar, riga ja, kati ruwan ɗorawa, har haƙoran alƙalin wasa ina gani. Yau me ka nuna min? Baƙi da fari. Kala biyu. Cire 50, miƙo 150, mu rabu muna gaisawa.

MAI GIDAN KALLO: Wallahi ba zaɓina ba ne. Kuɗin tashar ne ya ƙare, Ticha ya ce yana da fim a filas.

TICHA: Ba fim kawai ba, ranka ya daɗe. The Third Man ke nan, wato Mutum na Uku, na shekarar 1949. Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta. A 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa shi na ɗaya a jerin fina-finan ƙasar na ƙarni na 20.

ALHAJI: Su suka yi abinsu, su suka kaɗa ƙuri'a, su suka sanar. Mu ma mun san irin wannan zaɓen.

Ticha Bazazzagi ne. Tun kafin damina yake yawo da fim ɗin a aljihun gaba, kusa da jan biro, yana neman wanda zai ritsa. Yau Allah ya haɗa shi da benci shida na mutanen da suka riga suka biya.

ALHAJI: Tsaya ma tukuna, ɗan Zazzau. A 1949 ɗin babu kala ne a duniya?

TICHA: Akwai. Tun shekaru goma kafin nan ana yin fim mai kala. Amma shi wannan, duhu da inuwa su ne...

ALHAJI: Shi ke nan, ka gama. Rowa ce. Ni ɗan Kwari ne, na san mai rowa ko da Turanci ya zo. Sannan hoton ma a karkace!

Wannan kam ba ƙarya ya yi ba. Minti kaɗan da farawa Alhaji ya lura gine-ginen Biyena, babban birnin Ostiriya, sun jingina hagu, ya cire takalminsa ya sa yaro ya cusa a ƙarƙashin talabijin. Hoto ya miƙe, Alhaji ya waiwayo yana karɓar sannu. Ba a jima ba gine-ginen suka jingina dama. Aka mayar da takalmi ɗaya ɓangaren. Da abin ya ishi yaron sai ya ce shi fitsari yake ji, bai dawo ba, Alhaji ya ƙarasa kallo da ƙafa ɗaya a ƙasa, wuya a langaɓe.

TICHA: Da gangan aka karkatar da kyamarar. Gari ne da Yaƙin Duniya na Biyu ya rugurguza, ƙasashe huɗu sun raba shi: Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyat. Babu abin da yake tsaye daidai, har zukatan mutane. Robert Krasker, mai ɗaukar hoton, sai da ya ci kyautar Oska a kansa.

ALHAJI: Kyauta! Magini ya yi min katanga haka, kotu za mu.

TICHA: Ai an ce wani abokin Reed, shi ma darakta, William Wyler, ya aika masa da abin nan na magina mai ruwa a ciki da ake gwada miƙewar bango, wai ya riƙa ɗora shi a kan kyamara.

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Ashe a cikinsu akwai mai hankali. Wannan Waila ɗin bincika, jininsa na Kano ne. Kai yaro, ƙara 50 na ciwon wuya.

MAI GIDAN KALLO: Hakan ai ya zama 200, Alhaji. Kallon kyauta ka yi ke nan?

ALHAJI: Ban gama ba. Mu zo kan akta. Akta wane iri ne wannan? Ya sauka gari ba ko sisi, wai abokinsa Hari ya yi masa alkawarin aiki, ya tarar ana binne abokin. Ya sha giyar bashi, sajan ya naushe shi ya faɗi. Ƙaramin yaro mai ƙwallo ya tara masa jama'a suka biyo shi a guje. Ya shiga ɗaki ya ɓuya, aku ya cije shi. Aku, jama'a! Tun da nake kallon fim ban taɓa ganin akta ya sha kashi a hannun tsuntsu ba.

TICHA: Holly Martins marubucin ƙananan littattafan kaboyi ne, ba ɗan dambe ba. Ma'anar ita ce mutum mai kyakkyawar niyya wanda bai san duniya ba ya...

MAI SHAYI: Ya yi kama da malaman makaranta dai.

TICHA: Ba da kai nake ba. Zuba min rabi.

ALHAJI: Shi kuma bos, sai da muka ci awa guda cur kafin ya fito, a fim ɗin minti 104. Da yarona ne a shago na zaftare masa albashi.

BABA MAIGADI: A'a, Alhaji, nan kam ka bar gaskiya. Fitowar nan ta yi. Kyanwa ta je tana shinshinar takalmi a bakin ƙofa, cikin duhu, wata tsohuwa ta kunna fitila a sama, haske ya sauka a fuskarsa, ya ɗan murmusa. Mutumin da aka binne! Sai da na ce a'uzu billahi. Da a ce ni ke gadin layin nan, da na ajiye aiki a daren.

TICHA: Orson Welles ke nan, Baba, shi ya fito a matsayin Hari.

BABA MAIGADI: Ko wane ne, ya iya tsayuwa a bakin ƙofa. Ni sana'ata ce, na san ta.

ALHAJI: To wa aka binne a kabarinsa?

TICHA: Joseph Harbin, ma'aikacin asibitin da ke sato masa magani. Ai nan ne zuciyar labarin. Penisilin ya yi ƙaranci bayan yaƙi, Hari ya sa ana sato shi daga asibitocin soja, ya tsinka shi, ya sayar a bayan fage.

DAKTA: To, kada dai a yi saurin yanke hukunci.

Dakta bai taɓa shiga ajin likitanci ba. Kemis gare shi a bakin tasha, da farar riga, da abin awon jini wanda kowa ya gwada sai ya nuna hawan jini.

DAKTA: Ina nufin, ba a nuna mana yawan abin da ya zuba ba. Ƙila kaɗan ne. Kuma kun san yanayin kasuwa bayan yaƙi, ga kuɗin mota, ga haya, ga jami'ai huɗu huɗu a mota ɗaya kowa da hularsa...

MAI SHAYI: Dakta, ba a kira sunanka ba fa.

DAKTA: Ni ma a kan fim nake magana.

BABA MAIGADI: Ka kalli wurin da Manjon sojan Birtaniya ya kai akta asibitin yara? Masu sanƙarau, da aka yi musu allurar nan. Ba su nuna yaran ba ma. Gado kawai, da fuskar akta, da 'yar tsanar da aka ɗauke aka jefa a kwando. Sanƙarau ba sai Bature ya ba ni labarinsa ba. Ka sayar da akuya ka sayo magani, a yi wa yaro, jiki ya ƙi sauka, ka ce haka Allah ya so. Ashe wani ne ya so.

Dakta ya duƙufa juya shayinsa, wanda tun ɗazu sukarin ya narke. Wani daga bencin baya ya tambaya, ba da kowa ba, me ya sa kwanan watan lalacewa ne kawai ke gogewa a jikin kwali, farashi kuwa ba ya gogewa.

ALHAJI: Ni inda ya tsaya min shi ne kan lilon nan mai tsawo. Da Hari ya nuna mutane can ƙasa sun zama ɗigo-ɗigo, ya ce in za a ba ka fam 20,000 a kan kowane ɗigon da ya daina motsi, za ka ƙi? Wai kuma babu haraji. A'uzu billahi. Mugun mutum. Ticha, fam nawa ne yau a Wapa?

TICHA: Alhaji!

ALHAJI: Ina so in san girman zunubin ne.

Ya ciro waya ya danna, ya yi istigfari, ya sake dannawa, ya ƙara istigfari mai ɗan tsawo.

MAI GIDAN KALLO: Amma tseren ƙarshe ai ya biya kuɗinka, Alhaji. Cikin magudanar ruwa, ga 'yan sanda, ga fitilu.

ALHAJI: Nan ne aka raina mana hankali. Kwatar da mutum zai miƙe tsaye a ciki, ya yi gudu, har da matakala da kwana-kwana? A garin da aka yi wa ruwan bama-bamai? Mu nan babu wanda ya jefa mana ko tsakuwa, amma kwatar layinmu ɓera ma sai ya yi rarrafe saboda ledar fiya-wata. Ƙarya ce, haɗawa aka yi.

TICHA: Magudanar Biyena ce ta gaske, tana nan har gobe. Wani ɓangare ne kawai aka sake ginawa a situdiyo a Ingila, don Welles bai so zama a ƙasan ba.

ALHAJI: Ka ji ko? Shi kansa bos ya ƙi. Ƙara 50.

BABA MAIGADI: To wa na ji yana ihu, "Hari, bi ta hagu, suna dama"? Har ka taka min ƙafa.

ALHAJI: Gyaran wuya nake yi. Kuma a ƙarshe me aka samu? Mutum ɗaya, jana'iza biyu. Abokinsa da kansa ya harbe shi. Na ce to, ko ba komai a ɗaura aure mu tashi. Akta ya tsaya a bakin hanyar maƙabarta yana jiran Anna, budurwar Hari. Ta taho, ta taho, ta taho, har na aika a sayo min goro aka dawo tana tahowa. Ta iso, ko kallonsa ba ta yi ba, ta wuce. Ya kunna taba. Shi ke nan wai an tashi! Ba rawa, ba waƙa, ba biki.

TICHA: Greene ma da farko so ya yi su tafi tare. Reed ya ƙi, daga baya Greene ya yarda Reed ne da gaskiya. Anna ba za ta yafe wa wanda ya ba da Hari ba, ko da ta san abin da Hari ya aikata.

ALHAJI: Marubuci ya ce aure, darakta ya hana. Wani 100 ke nan. Nawa muke ciki?

MAI GIDAN KALLO: A lissafinka, 350 kake bi na a kan 200.

ALHAJI: Na yafe 50 saboda mahaifinka mutumin kirki ne.

Ya miƙe, ya karɓi takalminsa da ya lanƙwashe a ƙarƙashin talabijin, ya fara karkaɗe shi. Sai aka ji wani sauti na fita ta hancinsa: tirin-tin-tin, tirin-tin.

BABA MAIGADI: Kiɗan fim ɗin ne wannan, mai kama da gurmi.

TICHA: Zita ake kiran abin kiɗan. Anton Karas, a gidan shaye-shaye Reed ya tsinto shi a Biyena. A 1950 kiɗan nan ya yi mako 11 yana kan gaba a Amurka. Ashe ya shige ka, Alhaji.

ALHAJI: Shiga ta ɓarna! Ya maƙale min a ka, ya ƙi fita. Da shi zan yi shafa'i da wutiri? Wa zai biya wannan? Na janye yafiyar.

DAKTA: Akwai ƙwayar da nake da ita, Alhaji. Wuya, kai, har da kiɗan, duk za ta sauke. Sabon kaya ne, jiya aka kawo.

ALHAJI: Miƙo. A'a, ba ni ba. Kai fara haɗiye biyu in gani.

Dakta ya ce shi azumi yake, ya tura kofin shayinsa bayan tulin burodi. Ƙarfe 10 na dare.