Makirufon situdiyo a jikin tab: ku bi a hankali

Shekaranjiya bayan isha'i ƙanina ya shigo da kwali a hannu, ransa a ɓace. Wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi makirufo irin na situdiyo don ya riƙa naɗar karatun da malaminsu ke yi tsakanin magariba da isha'i da tab ɗinsa. Mai shago ya haɗa masa da wata waya, gefe guda mai ramuka uku, ɗaya gefen siriri irin bakin iyafis, ya ce jonawa kawai zai yi. "Yaya, don Allah ji abin da ya fito." Na kasa kunne. Muryar malam kamar daga ƙasan rijiya, sai shuuu a kanta, ga fanka, ga hon ɗin adaidaita sahu.

Makirufon lafiyarsa ƙalau. Irinsa ake kira kondensa, kuma ba ya aiki yadda ya kamata sai an ba shi wuta bolt 48, wadda masu situdiyo ke ce wa fantom. Ramin iyafis na tab 'yar wutar da yake bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, an yi ta ne don ɗan makirufon da ke jikin iyafis. Ko ka canza waya goma, ba za ta haifo wutar da babu ba.

Abin da ya ɓace a tsakani shi ne saun-kad, ɗan akwati irin su Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22. Makirufo ya shiga cikinsa ta bakin XLR, wato mai ramuka ukun nan, shi ya ba shi wuta, ya ɗaga muryar, ya miƙa wa tab ta USB. In tab ɗinka mai USB-C ne, kamar iPad Pro tun daga 2018, sau da yawa jonawa ce kawai. Tsohon iPad mai ramin caji irin na Lightning kuwa sai da adaftar da ke da ramin caji a gefe, in ba haka ba zai ce maka na'urar ta fi ƙarfinsa. Na Android sai mai OTG, wato wanda ke karɓar na'ura ta ramin cajinsa, wasu ma sai ka shiga saiti ka kunna. Kuma ka sani daga batirin tab akwatin yake shan wuta.

Amma ni ba nan ma nake ganin kuskuren yake ba. Yawancinmu don kwalliya muke sayen kondensa, saboda shi muke gani a gaban masu shirye-shirye a YouTube. Su a ɗaki mai soso a bango suke. Kai a zaure kake, janaretan maƙwabci na ruri, yara na ƙwallo a ƙofar gida. Kondensa kunnensa ya fi na maharbi, komai zai kwaso maka. Wanda ya dace da mu shi ne dainamik, dangin Shure SM58 da ake yi tun 1966, irin wanda ladani ke riƙewa. Ba ruwansa da fantom, kuma in ka kusanto shi baki kamar faɗin yatsu huɗu, murya ce za ta danne hayaniya. Akwai ma irin Samson Q2U mai baki biyu, USB da XLR, wanda zai shiga tab ba tare da akwati ba.

Abu guda da na koya da wahala: in kana naɗi tab na caji a wutar janareta, wani lokaci za ka ji wani gurnani a ƙarƙashin muryar. Cire cajar, sa fawa banki.

Ƙanin nawa na ara masa tsohon dainamik ɗina da akwatin, na ce ya sa iyafis ya saurara kafin malam ya buɗe littafi, kada ya bari alamar sauti ta taɓa ja. Jiya ya turo min karatun, tas, har ƙarar buɗe shafi ana ji. Fanka dai malam ya ce ba mai kashe masa ita a wannan zafin.