Mai ciwon ƙugu, ki buɗe baki tun naƙuda ba ta taho ba

Assalamu alaikum ƙannena mata, musamman ku masu cikin fari. Da ku nake yau, don na gaji da ganin yarinya tana tafiya tana dafa bango, in an ce lafiya sai ta ce lafiya lau, alhali juyi kan gado ma sai ta ciji leɓe, hawa dakalin ƙofa aiki ne, wani lokaci har ƙas take ji daga ƙashin mararta in ta ɗaga ƙafa. Wai kunya, wai kada uwar miji ta ce raguwa ce. To wannan shirun shi ka ƙara maki wahala ranar haihuwa.

Ciwon nan ba raki ba ne kuma ba jifa ba ne. Kusan mace 1 cikin 5 na samun shi lokacin goyon ciki. Ƙashin ƙugu ba guda ba ne dunƙule, yana da mahaɗa ɗaya a gaba ƙasan mara da biyu a baya wajen kwankwaso, jijiyoyi ne sunka ɗaure su. In ciki ya shiga jiki da kanshi yake sassauta jijiyoyin don ɗa ya samu hanya, ga nauyi na ƙaruwa kullum, sai mahaɗun su daina tafiya tare, ɗaya ya motsa ɗaya ya cije. Ɗan da ke ciki ba abin da ke samun shi, ke ce dai ke shan azaba.

Kuma ga irin aikinmu. Daka, surfe, jarka mai lita 25 a ka, ga goyo a baya, in mutan Argungu ko Suru ne ga aikin shinkafa ba ya ƙarewa. Sai kuma a hau kabu-kabu a ware ƙafa a bi hanya mai gargada zuwa awo. Haba! Duk abin da zai raba gwiwoyinki ko ya tsaida ki kan ƙafa guda ki rage shi. Ki zauna ki sa siket ko wando, in za ki sauko daga gado ki haɗe gwiwa ki juyo gefe tukuna, ki kwanta da gefe da filo tsakanin ƙafafu, in da hali ki shiga keke napep maimakon babur. Sallah ma in tsayuwa da sujada sun gagara ki yi a zaune, addini ya yarda, ba wanda ya ce ki kashe kanki. Maigida kai ma da kai nake, jarkar nan ba ta fi ƙarfinka ba.

Amma inda na fi son ki ji ni shi ne maganar naƙuda. Mafi yawan masu wannan ciwo suna haihuwa da kansu lafiya lau, ba dole sai an yi tiyata ba, ki cire wannan tsoron. Abin da ake gudu shi ne a kwantar da ke rigingine a ware maki ƙafafu fiye da inda ƙugunki zai iya, ke kuma zafin naƙuda ya rufe ki ba ki ji ba sai bayan an gama, a wayi gari tashi ya gagara. Don haka tun cikin na wata 8 ki kwanta ki buɗa gwiwoyinki a hankali, inda kinka fara jin zafi ki tsaya, ki sa a auna da igiya ko ashafa a ƙulle. Ranar awo ki ce, malama ina da ciwon ƙugu, iya nan ƙafata ke buɗuwa, don Allah a rubuta mani a kati. Ki gaya wa wadda za ta raka ki, Inna ce ko Gwaggo, don lokacin da kan ɗa ya taho ke ba ki da bakin bayani, ita za ta tuna wa ungozoma.

Kuma ki roƙi a bar ki ki kwanta da gefe wata ta tallafe maki ƙafar sama, ko ki durƙusa ki dafa gado. Durƙuson nan da kakanninmu sunka saba da shi ya fi sauƙi ga ƙugu nesa ba kusa ba. In ɗinki ya kama ko wani taimako da dole sai an ɗaga ƙafafu, a ɗaga su tare a sauke su tare. Roƙo ne cikin ladabi, ba gardama da ma'aikata ba. Nana Maryam ma da naƙuda ta kai ta gindin dabino ai magana ta yi, balle ke.

Don Allah ku bar shan diclofenac da ibuprofen na kemis, suna da haɗari ga ɗa musamman watannin ƙarshe. Paracetamol shi anka fi amincewa da shi, shi ma ki tambaya wajen awo. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da allurar naƙuda a gida kuwa ban ma san mi zan ce ba, mahaifa na iya fashewa. Yankan gishiri kuma ba ya buɗe ƙashi.

Kada kuma komai ki ce ƙugu ne. In kinka ga jini, ko faya ta fashe, ko zazzaɓi da zafin fitsari, ko ciwon kai da gani dishi-dishi da kumburi, ko ɗa ya rage motsi, ko ciwon na zuwa yana tafiya alhali wata bai kai ba, ba a kwana da wannan. Haka naƙudar da ta haura awa 12 ba a haihu ba, ita ce ke kai mata cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse nan Birnin Kebbi. A tanadi kuɗin mota da lambar direba tun da wuri, musamman ku na ƙauye da tafiyar dare ta zama abin tsoro yanzu.

Bayan haihuwa ciwon yakan lafa cikin makonni, amma kada ranar suna ki tashi kina ɗaukar tukunya don a ce kina da ƙoƙari. In anka yi arba'in har yanzu kina ɗingishi, wankan jego ba zai gyara shi ba, ki koma asibiti ki ce a tura ki sashen gashin ƙashi, a manyan asibitoci ake samun su irin Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ki tafi da katin awonki.