Wutar sola ba za ta ɗore ba sai da layin da ya tsallaka iyaka

Duk lokacin da aka ɗauke wuta a Jos, magana guda ce ke yawo a bakin mutane tun daga Terminus har Bukuru: ta yaya ƙasar da ba ta wadata kanta ba za ta riƙa sayar wa Nijar da Benin da Togo lantarki? Ƙorafin yana da tushe, domin abin da ake rabawa a babban layin ƙasa bai cika wuce megawat 5,000 ba ga mutane sama da miliyan 200. Duk da haka, ra'ayina shi ne ƙara shimfiɗa layukan da suka tsallaka iyaka ya fi mana alheri a kan datse su, musamman mu da muke Arewa, inda fatanmu na wuta ya rataya ga hasken rana.

Wanda ya ɗora farantan sola a rufin gidansa a Jos ya san halin watan Agusta. Hadari zai rufe gari tun safe, batir ya kasa cika, kafin sallar isha'i inbata ta fara kuka. Da hunturu kuma ƙura ce ke lulluɓe faranti har sai an hau an goge. Abin da ke samun gida ɗaya shi ne zai samu ƙasa baki ɗaya idan ta dogara ga rana, sai dai ita ƙasa tana da wata mafita da mai gida ba shi da ita, wato faɗin yanki. Hadarin da ya rufe Filato bai rufe Agadas ba, kuma idan rana ta faɗi a Maiduguri, saura mata kimanin sa'o'i 2 a Dakar. Gwargwadon nisan da layi ya kai, gwargwadon yadda rarar wani wuri za ta toshe giɓin wani.

Inda lamarin ya fi ba ni sha'awa shi ne madatsun ruwanmu. Kainji da aka kammala a 1968, da Jebba, da Shiroro, da Zungeru mai megawat 700, dukkansu ana iya rage gudun injinansu ko a ƙara cikin mintoci kaɗan. Idan da tsakar rana wutar sola ta kwararo daga Nijar da Burkina Faso, sai a sassauta wa injinan, ruwa ya tsaya a bayan madatsa, da magariba kuma a sake shi a mayar musu da wuta. Ruwan da aka riƙe ya zama rumbu ke nan, ba tare da an sayi batir ko ɗaya ba. Haka Denmark ke yi da Norway: idan iska ta yi ƙarfi ta tura wuta ta wayoyin ƙarƙashin teku, idan ta kwanta ta karɓo daga madatsun maƙwabciyarta. Kada a manta kuma, ruwan da ke juya injinan Kainji da rani daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso mu, don haka dogaro da maƙwabta a harkar wuta ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Tsarin ma yana nan. Tun 1999 ECOWAS ta kafa hukumar haɗa lantarkin Afirka ta Yamma mai hedikwata a Kwatano, kuma a 2022 aka ƙaddamar da aikin layi mai ƙarfin kilobolt 330 da zai tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin.

Abin da ke damuna shi ne amana. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta katse wa Nijar wuta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga nan yake zuwa, kuma ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Ko mene ne hukuncin mutum a kan sojojin, masu sayar da ƙanƙara da masu walda da majinyata a asibiti ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Babu gwamnatin da za ta zuba dukiyarta a kan layin da maƙwabcinta zai iya kashewa ranar da aka saɓa, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara tsananta wannan fargaba. Ana bukatar yarjejeniya a rubuce da za ta cire lantarki daga jerin abubuwan da ake sa wa takunkumi, tare da sharaɗin cewa mai saye zai biya a kan kari, tun da basussukan wuta sun sha haddasa tsamin dangantaka.

Sai kuma gyaran cikin gida, wanda ba ya bukatar dogon bayani ga duk wanda ya kwana a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin da ke hawowa ta Makurɗi suka bar jihohi da dama cikin duhu na kwanaki. Da akwai babban layi mai ƙarfi da ke iya shigo da wuta ta Birnin Kebbi, kuma da turakunmu na tsakanin Kebbi da Kano da Jos suna da ƙarfin ɗaukarta, da an sami hanya ta uku a wancan makon.