Kabari Ba Ya Biyan Bashi

'Yan uwana matasa, wajen jimamin mutuwa ba a bar mu a baya ba. Da zarar an ce wane ya rasu, kafin a gama yi masa wanka hotonsa ya zagaye wayoyi, kowa ya rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata tamu. Addu'a ce mai kyau, kada a fasa. Abin da ke damuna shi ne kwana biyu bayan nan. Wanda ya riƙe kuɗin abokinsa yana nan riƙe da su, wanda ke gaba da ƙanwarsa bai kira ta ba. Mun yi hawaye, amma mutuwar ba ta taɓa komai a cikin mu'amalarmu ba.

Ina ganin ƙuruciya ce ke ruɗin mu. Mun ji hadisin Tirmizi cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70, mun san Manzon Allah (SAW) ya yi wafati yana da 63, sai mai shekara 25 ya yi lissafi a ransa ya ga akwai sauran tafiya. Hadisin bai yi wa kowa alkawari ba. Sa'adu bin Mu'azu ya rasu bayan yaƙin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, bai kai 40 ba, kuma 'yan shekaru kaɗan ya yi a Musulunci, amma Al'arshi ya girgiza saboda mutuwarsa. Imamu Nawawi ya bar duniya a shekara ta 676 yana da 45, har yau ɗalibai na haddace hadisan da ya tattara. Ku dubi Mus'abu bin Umair, saurayin da Makka ta sani da tsadaddun tufafi da ƙamshin turare. Ranar Uhudu da aka zo yi masa sutura, mayafi ɗaya aka samu, gajere. In an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi (SAW) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a ƙafafun. A haka aka binne shi.

To, idan an ce a yi shirin mutuwa, hankalinmu kan tafi ga salla da azumi da karatun Alƙur'ani, kuma haka ya kamata. Sai dai akwai ɓangaren da muke tsallakewa saboda ya fi ɗaci: haƙƙin mutane. Tsakaninka da Ubangijinka ƙofar tuba a buɗe take, Shi Mai gafara ne. Abin da ke tsakaninka da bawa kuwa, sai bawan ya yafe ko an biya shi. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Shahidi fa! Wanda ya ba da ransa. Bukhari kuma ya kawo labarin gawar da aka ajiye gaban Annabi (SAW) don ya yi mata salla. Ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari 3, kuma bai bar komai ba. Sai ya ce ku yi wa ɗan uwanku salla. Bai matsa gaba ba har sai da Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyansa.

Yanzu ka duba wayarka, ɗan uwa. Akwai lambar da kake gani tana kira ka bar ta ta yi ta ƙara har ta katse, don ka san maganar da za a yi maka. "Wallahi ƙarshen wata zan turo," kuma ƙarshen wata nawa ya wuce? Alhali ka sayi sabuwar waya a tsakani. Wannan ba rashi ba ne, Annabi (SAW) ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci.

Kuma haƙƙi ba kuɗi kaɗai ba ne. Yarinyar da ka ɓata wa lokaci da alkawarin aure kana sane ba ka da niyya, haƙƙi ne. Ke ma 'yar uwa, sirrin da ƙawarki ta ba ki amana kika kai gaba, haƙƙi ne. Gadon marayu da na mata da aka danne da sunan "ana juya musu", haƙƙi ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙazafin da muke turawa a Facebook da WhatsApp ba tare da bincike ba, domin shi ba ya mutuwa tare da mai shi. Kana cikin kabari, rubutun yana yawo, ana karantawa, ana ƙara turawa. Hadisin matsiyaci ya bayyana ƙarshen wannan: mutum ya zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, ya doki wani. A yi ta ɗibar ladansa ana ba su, in ya ƙare kafin a gama biya a kwaso zunubansu a ɗora masa.

Na san abin da ke hana mu: kunya da girman kai. Zuwa wurin wanda ka zalunta ka ce "ka yafe mini" ba ƙaramin aiki ba ne, wani ma zai gaya maka baƙar magana kafin ya yafe, wani ba zai yafe ba. Ka je duk da haka. In bashi ne kuma ba ka da halin biya gaba ɗaya, ɗauki kiran, faɗi gaskiyar halin da kake ciki, ku tsayar da abin da za ka riƙa bayarwa. Ka rubuta shi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka sanar da wani amintacce a gidanku inda takardar take, don magada ba za su biya abin da ba su san da shi ba.

In mai haƙƙin ya riga ka tafiya, kuɗin na magadansa ne, ka neme su ka miƙa musu. In ka yi iya ƙoƙarinka ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi, ka kuma yawaita roƙa masa gafara.