Ranar da likita ya tura ni wurin hira a Landan

A hunturun 2022, lokacin da kuɗin gas da na lantarki suka yi tashin gwauron zabo a Ingila bayan Rasha ta afka wa Yukren, na je wurin likita saboda kasala da rashin barci. Gwajin jini ya nuna ƙarancin bitamin D, wanda ruwan dare ne ga baƙar fata a garin da ake sallar magariba kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Bayan ya rubuta ƙwaya, sai ya tambaye ni ko ina da abokin hira, sannan ya haɗa ni da wata ma'aikaciya wadda aikinta shi ne nema wa marasa lafiya wurin zama da mutane. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai.

Wurin da ta tura ni ɗakin karatu ne na unguwa, ɗaya daga cikin wuraren da aka buɗe a shekarar domin waɗanda suka kasa biyan kuɗin ɗumama gidajensu. Na tarar da tsofaffi zaune cikin manyan rigunan sanyi, kowa ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, ga takardar rubuta suna a bakin ƙofa, ga lokacin tashi an manna a bango. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce rabon da ta yi magana da mutum ido da ido tun ranar Lahadi, alhali ɗanta yana raye, yana kuma aiki a wani gari.

Ban raina ƙoƙarinsu ba. Tun 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, kuma ganin likita kyauta ne, yayin da a gida Najeriya, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, na san masu hawan jini da suka koma shan magani yau su tsallake gobe saboda tsada. Wannan babban rashi ne.

Duk da haka, ina ganin wanda tsanani ya sama a gida ya fi samun abin jingina. Kwana ɗaya ba a gan ka a masallaci ba, za a yi sallama a ƙofarka, kwanon kunu zai biyo baya, kuma ba wanda zai nemi ka rubuta sunanka kafin ya ce maka sannu. Ƙwaya ta gyara jinina, amma barcina bai dawo daidai ba sai da na sami wasu Hausawa da muke haɗuwa bayan sallar Juma'a.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne 'ya'yana, waɗanda suka taso suna ganin zuwa dubiya ba tare da an yi waya an sa rana ba rashin ladabi ne. Kuma da na je Kano, na ga sababbin unguwanni da dogayen katangu da maigadi a kowace ƙofa, na ga 'yan uwa suna wadatuwa da tura “Allah ya ƙara sauƙi” ta WhatsApp ga mara lafiyan da ke kwance a bayan layinsu.